Daren titin Gimbiya: kisan matasan Apo shida da odar harbi mai lamba 237

Duk mai mota a Abuja ya san Apo, ko da bai taɓa kwana a unguwar ba. Can kasuwar kayan gyaran mota take, inda injuna da ƙofofi da fitilu na hannu suke jibge a bakin shaguna, makanikai suna kai da komo da baƙin mai a hannuwa. A wannan kasuwa Ifeanyi Ozor da Chinedu Meniru da Anthony Nwokike da Paulinus Ogbonna da Ekene Isaac Mgbe suke neman abincinsu. Matasa ne ’yan ƙabilar Ibo, ’yan shekara 20 da ɗoriya. A daren Talata 7 ga Yunin 2005 suka fita shaƙatawa wani gidan rawa da ke Area 11 a Garki, tare da Augustina Arebun, wadda Ifeanyi yake shirin aure. Mota ɗaya suka shiga, Fijo 406. A hanyarsu ta komawa gida suka iske ’yan sanda masu sintiri a titin Gimbiya, aka buɗe wa motar wuta. Kafin hantsin Laraba babu ko ɗaya cikin su shidan da yake numfashi.

Bayanin da ’yan sanda suka fara bayarwa gajere ne, kuma duk wanda ya girma a Najeriya ya sha jin irinsa a rediyo: ’yan fashi da makami ne, su suka fara harbi, jami’ai suka mayar da martani. Aka jera gawarwakin, aka ajiye makamai kusa da su, aka kira mai hoto ya ɗauka. Da a ce matasan baƙi ne da ba su da kowa a garin, da maganar ta mutu a nan, kamar yadda wasu da yawa suka mutu. Amma ’yan kasuwa ne, suna da ’yan uwa da abokan sana’a da ƙungiya. Mutanen Apo suka gane gawarwakin, suka ce waɗannan yaranmu ne, jiya ma muna tare a shago. Tarzoma ta ɓarke, aka nufi caji ofis, aka ƙara rasa rayuka biyu a cikin hargitsin. ’Yan sanda suka binne gawarwakin da gaggawa.

Na zaɓi wannan lamari ne domin yana cikin ’yan kaɗan da aka bi diddiginsu tun daga titi har zuwa hukuncin kotu, saboda haka ana iya ganin yadda kowace gaɓa ta aikin ta motsa. Sannan ya faru ne a ƙarƙashin wata rubutacciyar ƙa’ida, oda mai lamba 237, da ta tsara lokacin da ɗan sanda zai danna kunama. Ana kare irin wannan ƙa’ida da hujja guda: aikin ɗan sanda akwai haɗari, a sakar masa hannu ya kare kansa. Haɗarin gaskiya ne, zan zo kansa. Abin da daren titin Gimbiya ya nuna shi ne cewa sakin hannun bai kare farar hula ba, kuma bai kare ɗan sandan da aka ce dominsa aka yi ba.

Abin da bincike ya tono

Sunday Ehindero ne yake riƙe da rundunar ’yan sandan Najeriya a lokacin, bayan saukar Tafa Balogun a watan Janairun shekarar. Ya kafa kwamitin cikin gida ƙarƙashin Mike Okiro. Jama’a ba su gamsu da a ce ɗan sanda ya binciki ɗan sanda ba, sai Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin bincike na shari’a, Mai shari’a Olasumbo Goodluck ta jagorance shi, aka yi zama a bainar jama’a. A gaban wannan kwamiti labarin farko ya warware zare-zare. Ƙananan jami’an da suke wurin suka ba da shaida cewa matasan ba su riƙe da makami, makaman da aka gani a hoto ajiye su aka yi bayan an gama kisan. Mai hoton shi ma ya faɗi abin da ya gani. Aka tono gawarwakin, likitoci suka duba su.

Abu mafi nauyi da ya fito shi ne, ba duka shidan ne suka mutu a harbin farko ba. Anthony Nwokike da Augustina Arebun sun shiga hannun ’yan sanda da ransu. A wannan lokaci babu motar da ke gudu, babu duhun da zai sa a yi kuskure, babu wanda zai ce ransa na cikin haɗari. Mutum biyu ne a hannu, a tsorace, waɗanda abin da ya kamata a yi musu shi ne a kai su asibiti a rubuta sunayensu a littafin ofis. Aka kai su wajen unguwar Gaduwa aka kashe su. Laifinsu a wannan gaɓa ɗaya ne: sun ga abin da ya faru, kuma suna da bakin faɗa.

Wasu jami’an sun shaida cewa Mataimakin Kwamishinan ’Yan Sanda Danjuma Ibrahim ne ya karɓi bindiga ya harbi motar a titin Gimbiya. Shi kuma ya musanta. An kuma yi ta yaɗa cewa wata hatsaniya a gidan rawan ce mafarin komai, sai dai kotu ba ta tabbatar da wannan ba. Dipi’o na Garki, Othman Abdulsalam, wanda aka tsare a hedikwatar rundunar, ya sulale ya ɓace. Wani kurtu da ake jiran shaidarsa ya mutu kafin ranar da zai bayyana, binciken likita ya nuna guba. Gwamnatin Tarayya ta karɓi sakamakon kwamitin, ta nemi afuwar iyalan, ta biya kowane gida diyyar naira miliyan 3, aka miƙa musu gawarwakin ’ya’yansu suka je suka binne su da mutunci.

Odar da ke bayan labarin

Rundunar ’yan sandan Najeriya tana da jerin umarnin aiki na cikin gida. Mai lamba 237, wanda jami’ai ke kira Force Order 237, shi ne yake magana a kan amfani da bindiga. Yadda yake a 2005, ya ba ɗan sanda damar harbi a yanayi biyar. Biyun farko babu mai jayayya da su: idan an kai masa hari ransa na cikin haɗari kuma babu wata hanyar tsira, ko idan yana kare wani da za a kashe. Na uku na tarwatsa masu tarzoma ne, inda har aka ce a auna gwiwoyi, a kuma ware jagororin da ke sahun gaba. Na huɗu da na biyar su ne suka shafi lamarinmu. Ɗaya ya halatta harbin wanda ya tsere daga tsarewa, in dai babu wata hanyar kamo shi. Ɗayan ya halatta harbin wanda ya gudu don kada a kama shi, in laifin da ake zarginsa da shi hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin shekara 7 zuwa sama.

A lura, a waɗannan biyun ba a ce sai mai gudun yana riƙe da makami ba, ba a ce sai yana barazana ga ran wani ba. Gudun da girman zargin sun wadatar. Fashi da makami kuwa hukuncinsa kisa ne a dokar Najeriya. Tserewa daga tsarewa ita kanta laifi ce da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 7. To duk jami’in da ya kashe mutum, kalma biyu kawai yake buƙata a rahotonsa, “fashi” da “gudu”, sai kisan ya zama aikin doka. Wanda zai ƙaryata kalmomin nan biyu yana kwance a mutuware. A nan ne mutum zai fahimci dalilin ajiye makamai kusa da gawa, da dalilin da ya sa wanda ya tsira da rauni ya zama matsala ga waɗanda suka harbe shi. Oda ba ta ce a kashe shaida ba, babu dokar da za ta faɗi haka. Abin da ta yi shi ne ta shimfiɗa labarin da kowa ya san zai karɓu, kuma wanda ya saba ganin ana karɓar labari zai yi ƙoƙarin daidaita abin da ya faru da shi.

Odar ba ita kaɗai take tsaye ba. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa ’yancin rayuwa, sannan ƙaramin sashe na 2 ya ce ba a tauye wannan ’yanci ba idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da doka ta yarda da shi wajen kare wani ko kare dukiya, ko wajen kama mai laifi da hana shi tserewa, ko wajen murƙushe tarzoma. Ita kuwa dabarar harbin mai gudu, asalinta tsohuwar dokar Ingila ce, daga zamanin da kusan kowane babban laifi rataya ce hukuncinsa, kuma babu bindigar da za ta cimma mutum daga nesa. Aka gaji ƙa’idar, aka haɗa ta da AK-47.

Ikon Allah, makonni uku bayan kisan, Philip Alston, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan kisan da ba a bi shari’a ba, ya iso Najeriya. Ya yi daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yulin 2005. A rahotonsa da ya fito a farkon 2006 ya kawo lamarin Apo, ya ce odar tana da babban lahani, domin kusan ta ba ’yan sanda izinin harbi su kashe yadda suka ga dama, ya nemi a gyara ta ba tare da ɓata lokaci ba. Ƙungiyar Amnesty International ta maimaita wannan kira a 2009. Gyaran bai zo ba sai bayan shekara 14 da daren titin Gimbiya.

Ɗan sandan da ke tsaye a shinge

Ba adalci ba ne a yi wannan magana a manta da mutumin da ke cikin kaki. Mu da muka ga 20 ga Janairun 2012 a Kano, ranar da aka kai hare-hare ofisoshin ’yan sanda a lokaci guda, mun san abin da wannan riga take jawowa mai ita. A watan Mayun 2013 a Alakyo ta jihar Nasarawa an yi wa ayarin jami’an tsaro kwanton ɓauna, ’yan sanda fiye da 60 ba su koma gida ba. Kowanne cikinsu akwai matar da ta yi takaba da yaran da aka ce su tattara su bar bariki. Tun kafin wannan, a shekarun da suka gabaci kisan Apo, ’yan fashi suna tare manyan hanyoyi da bankuna da makaman da suka fi na ’yan sanda. Ƙananan jami’ai sun kai bango har suka yi yajin aiki a watan Fabrairun 2002, abin da ba a taɓa gani ba, a kan haƙƙoƙinsu da aka riƙe da ƙarin girman da ya ƙi zuwa. Amsar da sabon Sufeto Janar Tafa Balogun ya kawo ita ce shirin da ya raɗa wa suna Fire for Fire, wato wuta a mayar mata da wuta.

Duk wanda ya bi hanyoyinmu da dare ya ga yadda shinge yake: itace ko tsohuwar taya ko durom a tsakiyar titi, mutum uku ko huɗu da tocila, babu fitilar gargaɗi daga nesa, sau da yawa babu rigar sulke, babu hular kwano, babu oba-oba mai aiki da za a kira shinge na gaba. Direba ba ya iya bambance su da ’yan fashi sai ya zo daf, su ma ba su san wanda ke cikin motar ba. Kowa na tsoron kowa. A hannun jami’in kuma abu ɗaya ne, bindigar yaƙi mai iya huda ƙarfen mota ta fita ta ɗaya gefen. Tsakanin ɗaga murya da harsashi ba a ba shi komai ba. Idan mota ta ƙi tsayawa, ko dai ya bar ta ta wuce oga ya tuhume shi, ko ya harba. Ƙasar da ta kasa saya masa sulke sai ta biya shi da izinin harbi, domin izini ba ya cin ko kwabo a kasafin kuɗi.

Shin izinin ya kare shi? A watan Nuwamban 2007 Mike Okiro, wanda a lokacin ya zama Sufeto Janar, ya fitar da alƙaluman watanninsa uku na farko: an kashe mutum 785 da ake zargi da fashi a musayar wuta, an kama 1,628, ’yan sanda 62 sun mutu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ɗauki alƙaluman ta nemi a yi bincike, domin kusan a duk mutum biyu da aka kama an kashe ɗaya. Ni kuma lamba ta uku nake so a tsaya a kai. ’Yan sanda 62 a wata uku, wato kusan biyu a kowane kwana uku, a daidai lokacin da hannun rundunar yake a sake fiye da kowane lokaci. In da yawan harbi yana tsare ɗan sanda, da a watannin nan ne za a ga tsaron.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan fashin da ya san in ya ɗaga hannu ma kashe shi za a yi, ba zai ɗaga ba. Zai fara harbi tun daga nesa, kuma kurtun da ke gaba shi zai fara samu. Direban kirki da ya san ana harbi a shinge, in ya firgita sai ya taka mota, gudun nasa kuma ya zama hujja a kansa. Unguwar da aka kashe mata ɗa aka kira shi ɓarawo ba za ta sake kai rahoto caji ofis ba, ko da ta ga masu shirya kwanton ɓauna. Ranar da ta fusata kuma, wanda za ta samu a bakin ƙofa shi ne kofur ɗin da yake gadi, wanda watakila yana barci a gidansa lokacin da aka yi ɓarnar. Haka aka yi a Abuja bayan kisan.

Akwai wurin da aka gwada akasin haka aka auna sakamakon. A 1972 rundunar ’yan sandan birnin New York a Amurka ta fitar da umarnin taƙaita harbi, kuma abin mamaki ita ma lambarsa 237. Ya hana harbin gargaɗi, ya hana harbin mota mai tafiya sai in daga cikinta ake kai hari da makami, ya kuma kafa kwamitin da zai binciki duk harsashin da ya fita daga bindigar jami’i. Masu adawa sun ce za a ɗaure hannun ’yan sanda a miƙa su ga miyagu. James Fyfe, wanda shi kansa ɗan sandan birnin ne kafin ya zama malamin jami’a, ya bi bayanan shekarun da suka biyo baya, ya samu harbin ’yan sanda ya ragu sosai, rauni da mutuwar jami’ai kuma ba su ƙaru ba. A 1971 ’yan sandan birnin sun harbe mutum 93 har lahira, an harbe musu jami’ai 12. A 2010 sun kashe mutum 8, ba a harbe musu ko ɗaya ya mutu ba. Ba umarnin kaɗai ya yi wannan aiki ba. Rigar sulke ta yaɗu, laifuka sun ragu, asibitoci sun ƙware. Amma ya isa ya rushe da’awar cewa taƙaita harbi yana nufin sadaukar da ɗan sanda. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ma ta soke tsohuwar ƙa’idar harbin mai gudu a shari’ar Garner, wadda ta taso daga kisan wani yaro ɗan shekara 15 a birnin Memphis da aka harba yana haura shinge babu makami a hannunsa.

Ƙa’idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga, waɗanda aka amince da su a Havana a 1990, shekara 15 kafin daren titin Gimbiya, sun haɗa abubuwan nan biyu wuri ɗaya, kuma wannan ne abin da na fi so a cikinsu. Ƙa’ida ta 9 ta ce kada a harbi mutum sai in akwai barazanar mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, kisa da gangan kuwa sai in babu makawa domin ceton rai. Amma tun a ƙa’ida ta 2 an ɗora wa gwamnatoci nauyin ba jami’ai garkuwa da hular kwano da rigar sulke da motoci masu sulke, da makaman da ba sa kisa, domin buƙatar harbi ta ragu. Mutumin da ya san ƙirjinsa a rufe yake zai iya jira daƙiƙa biyu ya ga abin da ke hannun wanda ke gabansa. Wanda ƙirjinsa yake a buɗe ba shi da waɗannan daƙiƙu. An kuma ce a riƙa lissafin bindiga da harsashin da aka ba kowane jami’i, a kai wanda aka harba ga likita da gaggawa, a rubuta rahoto duk lokacin da aka yi harbi. Ƙa’ida ta 25 ta hana a hukunta jami’in da ya ƙi bin umarnin harbi na zalunci, ta 26 kuma ta ce “oga ne ya sa ni” ba kariya ba ce ga wanda ya san umarnin haramun ne.

A auna daren da waɗannan. Da an hana harbin mota mai tafiya, da an ɗauki lambar Fijon an same ta da safe a Apo. Da akwai tilascin kai mai rauni asibiti, da Anthony da Augustina sun shiga hannun likita, sun fita daga hannun waɗanda suke tsoron bakinsu. Da ƙaramin jami’i yana da wata ƙofa da zai bi in ya ƙi umarnin oga ba tare da ya rasa kakinsa ko ransa ba, watakila da wani a cikinsu ya ce a’a.

Hukuncin 2017

An gurfanar da jami’ai biyar a Babbar Kotun Abuja da tuhumar haɗa baki da kisan kai, dipi’on da ya gudu kuma ana nemansa. Shari’ar ta yi ta jan ƙafa kusan shekara 12. A ranar 9 ga Maris ɗin 2017 Mai shari’a Ishaq Bello ya yanke wa Ezekiel Acheneje da Emmanuel Baba hukuncin kisa saboda kashe Anthony Nwokike da Augustina Arebun. Su biyun sun amsa da bakinsu cewa sun yi harbin, suka ce umarnin dipi’o suka bi, kotu ta ce bin haramtaccen umarni ba ya wanke mutum. Ta sallami Danjuma Ibrahim da Nicholas Zakaria da Sadiq Salami, ta wanke su, domin shaidun masu gabatar da ƙara sun ci karo da juna a kan wanda ya harbi motar, kuma ba a ɗauki zanen yatsu a jikin bindigar da aka ce da ita aka yi harbin ba. Daga baya an mayar da Danjuma Ibrahim bakin aiki, ya ci gaba da samun ƙarin girma har ya kai Mataimakin Sufeto Janar.

Wanda kotu ta wanke ya wanku, ba ni da hurumin sake yi masa shari’a a takarda. Alƙali da abin da aka ajiye a gabansa yake aiki. Inda idona yake shi ne abin da ba a ajiye ba. Bindiga ta fito daga ma’ajiyar makamai da sunan wani, da adadin harsashi a rubuce. Kwanso ya zube a titi. Akwai harsasai a jikin mota da jikin mamata. Waɗannan abubuwa ba sa canza magana don tsoro ko don alkawari. A daren aka bar su suka lalace, domin waɗanda ya kamata su tsare wurin su ne suke da buƙatar ya ɓaci. Abin da ya rage wa kotu shi ne bakin mutane, bayan shekaru, kowa yana neman ceton wuyansa.

Wannan gazawa ta cuci iyalan mamata, kuma ta cuci ’yan sanda masu gaskiya. Jami’in da ya yi harbi bisa haƙƙi, ɗan fashi ya auna shi ya riga shi, lissafin harsashi da binciken wuri su ne za su tsaya masa. Idan babu su, maganarsa da ta maƙaryaci nauyinsu ɗaya a kunnen jama’a. Sannan a duba waɗanda igiya ta hau wuyansu: ƙananan jami’ai biyu, waɗanda aka horar da su a kan cewa umarni umarni ne. Wanda suka ce shi ya ba da umarnin bai tsaya gaban alƙali ba ko sau ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Laifinsu nasu ne, sun kashe bayin Allah biyu da ke hannunsu, ba na neman musu sassauci. Amma duk kurtun da yake jin cewa sakakkiyar oda gata ce gare shi, ya kamata a zaunar da shi a karanta masa ƙarshen waɗannan biyun.

Bayan gyara

A watan Afrilun 2019, bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi mai suna Kolade Johnson a Legas, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ba da umarnin a daina aikin awa 12 a koma awa 8 kashi uku, yana mai danganta yawan harbin ganganci da gajiya da damuwar jami’ai. A watan Oktoban shekarar ya ƙaddamar da sabuwar oda ta 237, wadda ta ɗaure amfani da bindiga da sharaɗin barazanar mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, har ga wanda yake gudu. A shekarar ce aka kafa asusun tallafa wa ’yan sanda domin kayan aiki da horo da walwala, a 2020 kuma sabuwar Dokar ’Yan Sanda ta maye gurbin ta 1943. Tun 2017 akwai dokar da ta tilasta asibitoci su karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar ’yan sanda ba.

Shekara guda da ƙaddamar da sabuwar odar, zanga-zangar EndSARS ta tashi, aka rusa SARS, sashen ’yan sanda na yaƙi da fashi, a 11 ga Oktoban 2020. A hargitsin da ya biyo baya, rundunar ta ce an kashe mata jami’ai 22, an kai hari ofisoshi da cibiyoyinta 205. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, cikin buƙatu biyar na masu zanga-zangar har da ƙara wa ’yan sanda albashi. Takarda ta sauya a Abuja, amma kofur ɗin da ke shinge yana nan da tocilarsa da AK-47, kuma odar da ba a koya masa ita a filin horo ba, ba za ta zo masa a zuciya ba a daƙiƙar da mota ta nufo shi.

A ranar Kirsimetin 2022 wani jami’i mai suna Drambi Vandi ya harbi motar da lauya Bolanle Raheem take ciki da iyalinta a Ajah ta Legas, ta mutu tana da juna biyu. Mota ce kuma, a wurin binciken ’yan sanda, babu makami a cikinta. Bambancin da aka samu shi ne abokan aikinsa sun ba da shaida, an yi maganar harsasan da suka yi ƙasa a bindigarsa, kuma a 9 ga Oktoban 2023 kotu ta yanke masa hukuncin kisa, cikin ƙasa da wata goma. Ƙaramin sashe na 2 na sashe na 33 yana nan yadda yake a kundin. A shari’ar Apo kuwa, har ranar da Mai shari’a Bello ya rufe fayil ba a kamo Othman Abdulsalam ba, kuma babu wanda kotu ta samu da laifin kashe Ifeanyi Ozor da Chinedu Meniru da Paulinus Ogbonna da Ekene Isaac Mgbe.